Ranar da Na Sa Surukina Jan Totur

Ko zan manta da komai a rayuwata ta tuƙi, ba zan taɓa mantawa da Talatar da na ɗauko surukina daga Dudunni zan kai shi Kankiya ba. Shekara uku ke nan, amma har yau in na tuna sai in ji tafin ƙafata ta dama ya jiƙe da zufa. Akwai wani ƙauye a bakin hanyar da har gobe in zan wuce sai na ja hula na rufe goshi.

Bari in fara da faɗin halina, don kada mai karatu ya ɗauka an zalunce ni. Ni mutum ne mai waswasi. Nakan kulle mota, in yi taku ashirin, in dawo in murɗa hannun ƙofa, in tafi, in sake dawowa. Alwala ɗaya takan cinye mani buta guda da rabi. Firamare kaɗai na yi a nan Kusada, amma malaminmu na aji shida ya taɓa cewa da ana jarrabawar damuwa, da ni zan zo na ɗaya. Matata Hinde kuwa cewa take yi, "Kai ko rago aka ba ka kyauta, maimakon ka yi murna sai ka zauna tunanin wa zai ba shi dusa."

Sana'ata tuƙa a-kori-kura. Tsohuwa ce ƙwarai, ta girme ni a kan titi. Ina ɗaukar gero da dawa da wake, lokacin kaka kuma in je Kunduru in kwaso gyaɗa. Wanda bai san irin waɗannan tsofaffin motoci ba, to komai nasu waya ce. In ka taka totur, wata siririyar wayar ƙarfe ce ke zamewa a cikin baƙin bututu ta je ta ja hannun kafireta, injin ya ƙara wuta. In ka ɗaga ƙafa, wani ɗan sifirin ya mayar da ita. Kuloci ma haka, hambirki ma haka. In wayar ta bushe a cikin bututun nan, sai ta fara tauri.

Tawa ta fara tauri wajen ƙarshen damina, sai na kai wa Oga Sande. Bakanike ne a Kankiya, iyayensa daga kudu suka zo, amma a nan aka haife shi, Katsinancinsa ya fi nawa. Ya cire kan wayar, ya wanke cikin bututun da kananzir, sannan ya ɗaure 'yar leda a bakin bututun da roba kamar mazurari, ya zuba sabon baƙin mai kaɗan, ya ɗaga sama. Yana jan wayar gaba da baya har sai da man ya ɗigo ta ɗaya bakin.

"Ka gani?" in ji shi. "Shi ke nan. Wata uku-uku, cokali ɗaya ya isa. Ba sai ka zo ba, kai ma kana iyawa. Amma cokali ɗaya na ce hwa, don na san ka."

Na yi godiya na tafi. Da a nan labarin ya tsaya, da yau ina da sauran mutunci.

Bayan kwana biyu ina zaune teburin mai shayi a tasha, wani direba da bakinsa ba ya hutawa ya ce, ai duk man da ake zuba wa inji da kitsen alade ake haɗa shi, shi ya sa yake da santsi. Kowa ya yi dariya, aka ci gaba da shan shayi. Shi kansa mai maganar na tabbata kafin ya shanye kofinsa ya manta. Ni kuwa sai na ajiye biredina. Domin bakin wayar nan na ciki daidai saman ƙafata yake. Da idona na ga ɗigo ɗaya a kan babban yatsana ranar da aka zuba. Da wannan ƙafar na shiga masallaci. Da ita na tsaya a sahu, har na haɗa ta da ta wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Na fara lissafin sallolin da zan rama, na kai goma sha ɗaya, na rikice, na sake daga farko.

Mai hankali zai ce, to me ya hana ka tambaya? Wa zan tambaya? Oga Sande Kirista ne, mutumin kirki, bai taɓa cutata ba. Ta yaya zan buɗe baki in yi mashi zancen alade, ya ɗauka gugar zana nake yi mashi? Limamin unguwarmu kuwa, in ka tambaye shi abu a asirce, sai ka ji shi a wa'azin bayan la'asar yana cewa, "Wani bawan Allah direba ya tambaye ni," alhali mu biyu ne rak direbobi a unguwar, ɗayan kuma ba ya zuwa wa'azi.

Saura mutum ɗaya, wanda ya fi kowa sanin amsa: Malam, mahaifin Hinde. Daga ƙauyuka ake zuwa zaurensa a Dudunni da tambayoyin tsarki da gado. Amma surukina ne. Shekara tara ina auren 'yarsa, maganar da ta taɓa haɗa mu ba ta wuce "Ina kwana" da "Lafiya lau" ba, ni a durƙushe can bakin ƙofa, takalmina a waje, idona a ƙasa. Hinde ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya faɗa, balle nawa. In ta kama dole sai ya ce "mutumin Kusada".

Don haka na yanke wa kaina hukunci. Inna, mahaifiyar Hinde, duk wata takan aiko wa jikokinta kwalbar man gyaɗa da ta matsa da hannunta. Na ce a raina, wannan dai babu malamin da zai ce ba halal ba ne. Na faki idon Hinde na tsiyayi kaɗan, na wanke bututun da kananzir har sau uku (na so in yi bakwai, kananzir ɗin ya ƙare), na ɗaure leda, na zuba.

Wallahi satin farko totur ya yi laushi kamar auduga. Har na fara jin kaina wani mai basira da duniya ba ta gano ba. Cokalin wata uku ya koma na kowace Juma'a. Da zafi ya shigo, wayar ta fara nauyi, sai na ce mai ne ya yi mata kaɗan, na mayar da shi sau biyu a mako. In injin ya ɗauki zafi sai cikin mota ya riƙa ƙamshin ƙosai. Kiyashi suka yi layi a ƙarƙashin sitiyari. Hinde ta yi ta mita cewa mai ba ya albarka bana, ta zargi ɓera, ta zargi murfin kwalba, har ta fara yi wa maƙwabciyarmu Lantana wani irin kallo. Ni dai in ta fara sai in tashi in tafi alwala.

Ana haka aikin Hajji ya zo. Malam ya haura saba'in, ya daɗe yana jiran wannan kujera, ƙarfinsa kuma yana raguwa. Shi da bakinsa ya ce wa Inna in ba bana ba, ba ya jin jikinsa zai kai baɗi. Ranar Litinin da yamma aka sanar cewa maniyyatan yankinmu su hallara a Kankiya washegari, ƙarfe goma motoci za su tashi zuwa Katsina, wanda ya makara ya kuka da kansa. Mutane da yawa sun yi tayin kai shi. Sai ga saƙo ta bakin Hinde: Malam ya ce mutumin Kusada zai kai shi, don shi ne ba ya gudu.

Tun da asuba na duba tayoyi sau uku, na duba ruwa, na duba birki. Sannan, don kada a samu matsala a irin wannan rana, na ƙara wa wayar totur cokali biyu.

Muka taso daga Dudunni ƙarfe takwas da 'yan mintoci. Malam na gaba kusa da ni cikin fararen kaya, carbi a hannu. Inna da Hinde suna baya a kan tabarma tare da jakunkuna biyu. Ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Numfashi ma a hankali nake yi kada in dame shi.

A hanyar burji komai lafiya. Da muka hau kwalta sai muka cim ma wata tifa tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, tana watso mana yashi. Na ga yashin na shigowa ta taga yana sauka kan fararen kayan Malam. Na ce bari in wuce ta. Na taka totur har ƙasa, na wuce, na ɗaga ƙafa.

Totur bai biyo ni ba.

Na sake takawa na saki. Yana nan kwance a ƙasa kamar an kafa mashi ƙusa. Injin ya ɗauki kuka, motar da ban taɓa sanin tana da irin wannan gudu ba ta miƙe. Itatuwa suka fara wucewa kamar ana jefo su.

"Mutumin Kusada," in ji Malam, ba tare da ya dube ni ba, "akwai lokaci hwa."

"To, Baba," na ce.

To ɗin me? Ni kaina ban sani ba. Na zame takalmi a hankali, na cusa yatsun ƙafa ƙarƙashin totur na ɗago shi. Ya taso sakayau, amma injin bai rage komai ba, don wayar ce ta maƙale can cikin bututu. Na taka kuloci, injin ya yi wata ƙara kamar zai tsage bonet ya fito, na yi maza na saki. Na taka birki da dukkan ƙarfina, motar ta ɗan lafa tana jijjiga, warin ƙuna ya taso, ina sassautawa ta sake fizga. A baya Hinde na dukan rufin mota da tafin hannu. Carbin Malam ya ƙara sauri. Zufa ta cika mani ido, amma hannu biyu na kan sitiyari, babu na sharewa.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in buɗe baki in ce, "Baba, mota ta samu matsala, ka riƙe da kyau." Kalma nawa ce? Amma duk lokacin da na buɗe baki sai in tuna shi ne ya zaɓe ni don ba na gudu.

Sai ga ƙauye a gabanmu. Ranar cin 'yar kasuwarsu ce, mutane sun cika bakin titi, ga awaki, ga mata da ƙoren nono, ga mashina a jere. Na ga mutuwa ƙiri-ƙiri, ba tawa kaɗai ba. Allah ya ba ni dabara na murɗa makulli na kashe injin. Ƙara ta ɗauke, mota ta fara rage gudu. Alhamdu lillahi.

Da na bar ta ta tsaya, da shi ke nan. Amma sai waswasi ya raɗa mani: in ka tsaya Malam zai tambayi dalili. Wataƙila yanzu wayar ta saki. Kunna ka gani. Na murɗa makulli.

Tau!

Fetur ɗin da ya taru a salansa ne ya kama da wuta. Ni na san haka. Mutanen ƙauyen ba su sani ba. Na firgita na kashe, a ruɗe na sake kunnawa.

Tau! Tau!

Duk wanda ya zauna a yankinmu a 'yan shekarun nan ya san abin da irin wannan ƙara ke nufi a kunnen mutane. Kafin ƙiftawar ido kasuwa ta watse. Mata suka saɓi yara, ƙoren nono suka kife, wani mai tsire ya bar wuta da nama ya tsallake katanga. Ana ta salati, ana kiran "Ga su nan! Sun zo!" Motar ta gangara ta tsaya daidai tsakiyar kasuwa, hayaƙi na tashi daga tayoyi.

Sai 'yan sintiri suka ɓullo daga bayan rumfuna, su biyar ko shida, da bindigogin toka. Suka zagaye mu.

"Ku fito! Hannu sama! Wanda ya motsa ya mutu!"

Bakin bindiga ɗaya na tagata, ɗaya na tagar Malam. Na ga yatsan mai riƙe da ita a kan kunamar bindigar. Na juya, sai na ga abin da har in mutu ba zai bar idona ba: surukina, dattijon da ake durƙusa wa a zaure, ya ɗaga hannu biyu sama, carbi na reto a yatsunsa.

Allah ya taimake mu shugabansu ya leƙo. "Subhanallahi! Ku sauke, ku sauke! Malam na Dudunni ne!" Ashe ya taɓa kai mashi tambayar gado. Ya durƙusa yana ba da haƙuri. Da ya miƙe kuwa, duk fushin ya dawo kaina.

"Kai wane irin direba ne? Ka san saura ƙiris a harbe malami saboda kai? Ka ga tsohuwar can da ta faɗi?"

Mutane suka fara dawowa, kowa da abin da yake faɗa mani. Na duba agogo: tara da kwata. Shugaban ya ce zai kai Malam a mashin, Inna ta ce ina, tun da ya faɗi ya bugu a ƙugu ba ya iya hawa mashin. Aka ce a tare wata mota. Wace mota? Labari ya riga ya kai Kusada da Kankiya ta waya cewa an tare hanya. Har tifar da na wuce ta juya. Titi wayam.

Na kira Oga Sande. (Wayata ta taɓa faɗawa ruwa, ba a jin magana sai an sa ta a sifika. Na daɗe ina cewa zan gyara.) Muryarsa ta fito rangaɗau, kasuwa guda na saurare.

"Totur ya maƙale? Kana sa mai yadda na nuna maka?"

"Ina sawa."

"Wane iri?"

"Mai dai. Mai kyau."

"Buɗe bonet, cire wayar daga kafireta, ka ja ta ka gaya mani mi ka gani."

Shugaban 'yan sintiri ne ya ja da filaya, da kyar ta fito kamar taƙi guda. Wani abu ne ja-ja ya lulluɓe ta, mai yauƙi kamar ƙaro, ya haɗe da ƙasa da gawarwakin kiyashi. Ya shinshina ya yamutsa fuska. Inna ta sauko daga bayan mota, ta lakata da yatsa, ta kai hanci. Ta sake kaiwa.

"Wanga man gyaɗa ne," ta ce. "Kuma nawa ne. Ni na san suyar gyaɗata."

Hinde ta dafe ƙirji. "Ashe kai ne ɓeran! Wata huɗu ina gaba da Lantana a banza!"

"Man mi?" in ji Oga Sande daga cikin waya. "Man gyaɗa? Kai! Mota ce ko kaskon ƙosai? Ba ka san in ya sha zafi daskarewa yake yi kamar ɗanko ba?"

Sai Malam ya yi gyaran murya. Karon farko a shekara tara ya dube ni ido cikin ido.

"Mutumin Kusada, mi ya sa?"

Na duba ƙasa ko za ta tsage, ba ta tsage ba. Na faɗi komai: mai shayi, kitsen alade, ɗigon da ke kan yatsa, sallolin da na rama. Ina gamawa wayar ta fashe da dariya, har ana jin Oga Sande yana tari.

"Alade nawa za a yanka a cika injin tirela ɗaya? Daga ƙasa ake haƙo shi, ɗan'uwan fetur ne! Haba mutumina, shekara nawa muna tare ka kasa tambayata? To ji nan, in na ce zan taso da sabuwar waya, goma ta wuce. Ku nemo igiya mai ƙarfi. Ku ɗaure a hannun kafireta, ku fito da ita ta gefen bonet, ta shiga tagar dama. A ja, mota ta yi wuta. A saki, sifirin ya mayar. Amma ba kai za ka ja ba, hannunka na kan sitiyari da giya. Wa ke zaune a dama?"

Kowa ya juya ya dubi Malam. Kujera biyu ce rak a gaban motar, Malam kuma ba ya iya hawa baya.

Malam ya naɗe hannun rigarsa. "Na yi shekara arba'in ina riƙe da igiyar shanun huɗa," ya ce. "A kawo."

Wani ya kwanto igiyar akuyarsa. Aka ɗaure. Tara da rabi ta gota. Na tayar da mota, na sa giya. Yanzu sai a ja.

"Baba," na ce, "don Allah, in ba damuwa, da za ku ɗan taimaka ku..."

Mota ta mutu. 'Yan kasuwa suka kwashe da dariya. Na sake tayarwa.

"Allah ya gafarta Malam, ko za a ɗan..."

Ta sake mutuwa.

"Mutumin Kusada," in ji Malam, "kalma biyu ce, ja da saki. In ka ƙara ce mani don Allah, jirgi zai tashi ba ni."

"Ja," na ce, da murya irin ta ɗan tsako.

"Ban ji ba."

"Ja!"

Ya fizga kamar ya kama bijimi. Mota ta yi tsalle, na ji Inna ta yi salati a baya. Haka muka kama hanya. Duk canjin giya sai na ce "Saki!" in taka kuloci, in ce "Ja!" Duk rami, saki. Duk hawa, ja. Kowace kalma in ta fita sai in ji kamar na tsinka wa kaina mari, in bi ta da istigfari a zuci. Shi kuwa ya dage, ya naɗe igiya a tafin hannu, ya kafa ido a titi, hularsa ta karkace.

Muna dab da shiga Kankiya, goma saura minti biyar, sai garken tumaki ya faɗo titi. Na ce saki. Iska ta ɗauke maganar, ko kuma hankalinsa ya riga ya isa Makka, ya ci gaba da ja. Tumaki na matsowa. Ban san lokacin da bakina ya kufce ba, da irin muryar da nake yi wa masu lodi a tasha:

"Na ce ka saki! Kurma ne kai?"

Ya saki. Na taka birki, muka tsaya, hancin mota na shafar wutsiyar tunkiya ta ƙarshe. Sai a lokacin kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa.

Malam ya gyara hularsa da hannun hagu. Ya ce, a natse, "Na ji, ranka ya daɗe. In ja?"

Da bindigar ɗazu ta tashi da ni, da ta yi mani gata.

"A ja," na ce, hawaye na zubo mani.

Mun iske motoci biyu sun riga sun tafi, ta ukun tana kunne, wani jami'i na tsaye a ƙofarta da takarda yana kiran sunaye na ƙarshe. Muka shigo filin da igiyar akuya a taga, ina ihun "Saki, Baba, saki!" a gaban ɗaruruwan 'yan rakiya. Daidai nan aka kira sunan Malam, karo na biyu ashe. Ya amsa ta taga da ƙarfi, "Ga ni!"

Na sauke jakunkuna ban yarda mun haɗa ido da kowa ba. Da ya miƙa hannu zai karɓi ƙaramar, na ga igiya ta yi mashi jan shaida a tafi, har fata ta ɗan saluɓe. Na durƙusa zan ba da haƙuri, bai tsaya ba. Ya taka matakalar mota, ya juyo, ya yi magana yadda yake yi a zaure, kowa na ji:

"Baƙin mai ba najasa ba ne. Ko da najasa ne, da ruwa ake wanke ƙafa, ba da man miya ba. Sallolinka na nan, kada ka ƙara rama ko ɗaya. In na isa zan roƙa maka Allah ya rage maka tunani." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ka iya tuƙi."

Ƙofa ta rufe, mota ta tashi da shi. Na zauna a ƙasa nan inda nake.

Oga Sande ya sa sabuwar waya a ranar, tsohuwar kuma ya ce ko kananzir durom guda ba zai wanke ta ba. Washegari na koma ƙauyen nan na bi rumfa-rumfa ina ba da haƙuri, na gaida tsohuwar da ta faɗi, na mayar wa mai akuya igiyarsa. Hinde ta kai wa Lantana tuwo da ban-haƙuri, ni kuma ta yi sati ba ta sa mani mai a miya ba.

Malam ya yi aikinsa lafiya ya dawo. Ko addu'ar ta karɓu, ba ni zan faɗa ba. Abin da na sani shi ne yanzu ina tambaya. Na tambaya har sai da ya sa mani doka: ranar Juma'a kaɗai, kuma kada su wuce uku.

Darasin da na koya da tsada shi ne, wanda ya ji kunyar tambayar surukinsa a zaure, wata rana zai daka mashi tsawa a kan titi. (Ko tsawar nan tana cikin saɓa wa iyaye, wannan ita ce tambayar da har yau ban samu bakin yi mashi ba. Kullum ita ce ta huɗu.)